Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi: Abin Yi In Injin Gas Ya Mutu A Hanya

In damina ta yi nisa, ba a rasa ganin janwe yana jawo motocin shiga daji, irin su Land Cruiser da Hilux da Land Rover, daga bakin rafi zuwa gareji. Ba kuma sai a daji ba, gama a 2012 da 2022 ambaliya ta hau babbar hanyar Lakwaja zuwa Abuja kanta. Masu waɗannan motoci sun saye su ne saboda ƙarfinsu, ƙafa huɗu duka suna ja, injin kuma na man gas ne. Amma sau da yawa ɓarnar da ke hallaka inji ba a lokacin da ya tsaya take aukuwa ba, sai bayan minti ɗaya ko biyu, sa'ad da direba ya sake murɗa makulli.

Kafin mai karatu ya gane dalili, sai ya san yadda injin yake aiki. Wannan inji, wanda wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ya tabbatar da aikinsa a 1897, ba shi da fulogin da ke ba da wuta kamar injin fetur. Fistan ne ke matse iska a cikin silinda har zafinta ya haura digiri 500, sa'an nan nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Watau ƙarfin injin duk daga matsi yake, haɗarinsa ma daga nan yake.

RUWA A SILINDA

Mu ɗauki misalin injin 1HZ na Land Cruiser, wanda Toyota ta fito da shi a 1990. Girmansa lita 4.2 ne, silinda shida, kowace tana ɗaukar kusan mililita 700. In fistan ya kai ƙarshen hawansa, filin da ya rage a samansa mililita 32 ne ko kusa da haka, watau cikin babban cokali biyu. Iska tana matsuwa, amma ruwa ba ya matsuwa. Saboda haka in ruwan da ya wuce cokali biyu ya bi bututun iska ya shiga silinda ɗaya, fistan zai tarar da shi kamar dutse. In injin yana tafiya a hankali, mai yiwuwa ya tsaya cik ba tare da ya yi rauni ba. To, a nan ne direba kan yi wa kansa. Ya ba da kik, ko ya tara jama'a su tura motar ya saki kulochi, sai sandar fistan ta lanƙwashe, wani lokaci ma ta karye ta huda bulok.

Abin yi shi ne a zare makulli, a cire kan batir, a sa giya a firi, a jawo motar zuwa tudu. A buɗe gidan matatar iska. In an tarar da ita a jiƙe, lalle ruwa ya wuce ciki. A zaro ma'aunin baƙin mai. In man ya koma launin shayi da madara, ko ya haura alamarsa, ruwa ya gauraya da shi. Daga nan makaniki zai kwance fulogan hita ko nozul duka, ya juya injin da sifana a hankali zagaye biyu. Sai ya juyu lami lafiya za a tsayar da mai a ba da kik domin sauran ruwan ya fita, kowa kuma ya ja da baya. Mota mai turbo, a tsiyaye bututunta na iska duka. Kana a sake baƙin mai da filtarsa, a duba man gas da man giya da na aksul.

Ko da injin ya tashi bayan haka, kada a saki jiki sai an auna matsin kowace silinda. Wadda matsinta ya gaza na 'yan'uwanta, ga farin hayaƙi ga karkarwa, alama ce sandarta ta lanƙwashe, kuma ba ta rasa karyewa wata rana a tsakiyar hanya.

JAR FITILA DA ZAFI

Masifa ta biyu ita ce yankewar baƙin mai. Karanshaf yana juyawa ne a kan wani shafe na mai wanda bai kai kaurin gashi ba. In jar fitilar nan mai siffar butar shayi ta kama ana cikin tafiya, daƙiƙoƙi ne suka rage kafin metal ya narke, inji ya buga. Ba a cewa bari mu ƙarasa gari. Kada kuma cikar ma'auni ta ruɗi direba. A wasu injinan zamani, wasar jan ƙarfe da ke ƙarƙashin nozul kan yi yoyo, kunkunniya ta sauka cikin mai ta daskare, ta toshe rariyar da famfo ke zuƙa ta ciki. Ga mai cike da tukunya, amma ba ya isa inda ake bukatarsa.

Haka nan in allurar zafi ta shiga ja, a tsaya, a bar injin ya huce. Buɗe marfin lagireto nan take yakan ƙone fuska da hannu, kwara ruwan sanyi kuwa yakan tsaga kan inji.

INJIN DA YA ƘI MUTUWA

Akwai kuma akasin waɗannan, ko da yake bai cika aukuwa ba. In turbo ta lalace, baƙin mai kan bi hanyar iska ya shiga silinda, injin ya shiga ƙona shi maimakon man gas. Sai a ji ya ɗauki ruri, hayaƙi ya turnuƙe, an kashe makulli amma bai tsaya ba. Mai motar kulochi ya taka burki da ƙarfi, ya sa babbar giya, ya saki kulochi domin injin ya shaƙe. In ba hali, a toshe bakin bututun iska da katako, ba da tafin hannu ba. In duk sun faskara, a fitar da mutane a yi nisa, gama rai ya fi ƙarfe.

GYARA KO SAUYI

In ɓarna ta riga ta auku, saura shawara: a gyara ko a sayi wani. Mai mota ya tsaya a kwance injin a gabansa, a nuna masa abin da ya lalace. In bulok bai fashe ba, gyara yana yiwuwa. Akan wasa karanshaf a rage masa milimita 0.25, a sa metal daidai da shi; akan faɗaɗa silinda a sa fistan mai ƙarin girma. Sharaɗin shi ne a yi awo da ma'auni, ba da ido ba, a kuma wanke hanyoyin mai duka, domin ɓurɓushin ƙarfen da aka bari shi ne zai cinye sabon metal.

In kuwa sai an sauya, akwai injinan tokumbo a kasuwanni irin su Ladipo a Legas, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano. Sai dai araha ba ta ado. A je da makanikin da aka amince da shi, a juya injin da hannu, a buɗe tukunyar mai a duba ko akwai ɓurɓushi. A rubuta lambar injin a rasit tare da kwanakin gwaji da aka yi yarjejeniya a kai, a kuma gyara takardun mota su dace da sabuwar lamba. Abin da ya fi kome, a gano abin da ya kashe na farko. Wanda ya ɗora sabon inji a kan toshesshen lagireto ko nozul mai yoyo, ya sake biyan kuɗin masifa ɗaya ke nan.

Rigakafi dai ya fi magani. Littafin irin waɗannan motoci yakan faɗi zurfin ruwan da za su iya ratsawa. Na Hilux na zamani santimita 70 ne. Direba ya sauka ya gwada zurfin da sanda, in ruwan yana gudu da ƙarfi ya haƙura ya jira. Masu motoci kuma su ja kunnen direbobinsu, su tabbatar musu cewa wanda ya kashe inji ya kira janwe ba zai sha faɗa ba. Tsoron maigida shi ke sa direba ya yi ta murɗa makulli, alhali kuwa kuɗin janwe bai kama ƙafar kuɗin inji ba. Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.