Harshen Uwa a Farkon Karatun Yaro

Yaron da ya shiga aji ɗaya a Anka, Gummi ko Bukkuyum ya zo da harshensa, Hausa ko Fulatanci, wanda da shi yake ƙirga awaki. Idan aka tarbe shi da Turanci, an aza masa kaya biyu ke nan: koyon harshe da koyon darasi. Sai hadda ta maye gurbin fahimta.

Gwajin Farfesa Fafunwa a Ife, daga 1970, ya nuna cewa yaran da aka karantar cikin Yarbanci ba su gaza ba, har a Turancin. Manufar ilmi ta 1977 ta amince da harshen uwa. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta koma ga Turanci. Amma gini ba ya tsayuwa sai da harsashi.