Ƙuma: Komai Ƙanƙantar Allura, Ƙarfe Ce

Duk wanda ya taɓa buɗe ɗakin da ya yi watanni a kulle, musamman ɗakin da kyanwa ta haihu a ciki ko kaza ta yi kwanci, ya san wannan baƙon. Kana sa ƙafa, kafin ka kai ga buɗe taga, idon sawunka ya ɗauki ƙaiƙayi. Ka duƙa ka duba, sai ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe sun yi wa ƙafar wandonka caa. Ka kai yatsa kan ɗaya, ya ɓace ɓat. Ƙuma ke nan, wasu su ce tunkuyau. Kuɗin cizo yakan jira dare, ƙwarƙwata ta lafe a gashi ko a ɗinkin riga, kaska ta kafa kai ta yi zamanta. Shi kuwa ƙuma ɗan tsalle ne, ya ciza ya tashi, ya bar ka da susa.

Girmansa bai wuce ƙwayar riɗi ba, milimita 2 zuwa 3. Ba shi da fiffike, amma Allah bai bar shi haka ba. Jikinsa a matse yake ta gefe da gefe, yadda zai ratsa gashin kare kamar mai ratsa gonar dawa, ga ƴan ƙayoyi masu kallon baya da ke maƙale shi idan dabba ta yi susa. Fatarsa tauri gare ta, shi ya sa murza shi da yatsu ba ya kashe shi, sai an danne shi tsakanin farce biyu an ji ɗas. A gindin ƙafafunsa na baya akwai wani abu mai kama da roba, wanda yake matsewa ya ɗana, sannan ya saki lokaci guda, kamar yaro ya ja danƙo. Da haka yake cilla kansa santimita 18 sama, ko 33 gaba, wato tsawon jikinsa sama da sau ɗari. Masana sun ƙidaya irinsa wajen 2,500 a duniya. Wanda ya fi addabar gidaje shi ne ƙuman kyanwa, kuma duk da sunan nasa ba ya zaɓe: kare, akuya, ɗan maraƙi da mutum duk abincinsa ne.

Malamanmu sun daɗe da saninsa. Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta kan hukuncin jinin ƙuma a tufafi, inda aka yi rangwame, ba a ɗora wa mutum wankewa ba sai in abin ya yi yawa. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya taɓa aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, har ɗan littafi ya rubuta a kan wannan ƙwaro. Masu sharhin Risala sun yi bayanin cewa abin da ake kira jinin ƙuma kashinsa ne, kuma binciken zamani ya gaskata su. Ƙuma yana shan jini fiye da abin da cikinsa ke iya narkarwa, sauran ya fitar da shi busasshe, baƙi kamar garin gawayi. Idan kana shakkar ko kyanwarka na da ƙuma, taje ta a kan farin ƙyalle mai danshi. In baƙin garin da ya zubo ya jiƙe ya koma ja, ka sami shaida.

Wannan baƙin garin shi ne sirrin zamansa a gida. Macen ƙuma tana fara ƙwai kwana ɗaya ko biyu bayan ta sha jinin farko, kuma takan yi 40 zuwa 50 a rana. Ƙwan fari ne, santsi gare shi, ba ya manne wa gashi. Duk inda dabba ta kwanta ko ta girgije, nan yake zuba: kan tabarma, ƙarƙashin gado, cikin buzu, tsagar daɓe. Cikin ƴan kwanaki ya ƙyanƙyashe tsutsa marar ido, marar ƙafa, mai gudun haske. Ta nutse cikin ƙura, tana cin kashin nan na iyayenta, bayan mako ɗaya ko biyu ta saƙa wa kanta ɗan gida mai danƙo, ƙura ta manne masa har ido ba ya bambanta shi da ƙasa. A cikin wannan gida ƙuma yakan kammala halitta ya yi lamo, wani lokaci har watanni, yana jira. Abin da yake jira shi ne motsin ƙafa, ɗumin jiki da hucin numfashi. Shi ya sa ɗakin da ba kowa yake tashi da kai daga shigarka.

Likitocin dabbobi sun ƙiyasta cewa ƙuman da ake gani yana tsalle kashi 5 ne kawai cikin ɗari na waɗanda ke gidan. Sauran 95 ƙwai ne da tsutsa da masu lamo, suna ƙasa. Wanda ya yi wa kare wanka ya koma ya zauna ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Raina kama ka ga gayya. Tsakanin 1347 da 1351, annobar da Turawa ke kira Baƙar Mutuwa ta kashe wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai, kuma an yi sama da shekara ɗari biyar ba a san mai kawo ta ba. Sai a 1894 Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong, a 1898 kuma Paul-Louis Simond ya nuna a Karachi cewa ƙuma ne ke ɗauko ta daga ɓera. Ƙwayoyin cutar kan toshe wa ƙuma hanyar abinci, yunwa ta haukata shi, ya yi ta cizo yana amayar da su cikin jinin wanda ya ciza. Ɓeran na mutuwa jikinsa ya yi sanyi, ƙuma ya yi ƙaura zuwa jiki mafi kusa. Wannan annoba ta shiga Legas a 1924 ta daɗe har zuwa 1931, kuma a 2017 ta kama sama da mutum 2,000 a Madagaska, ta kashe wajen 200. A gidajenmu ɓarnarsa ta yau da kullum ta fi wannan sauƙi, amma ɓarna ce. Yaro ya yi ta susa har ƙurji ya zama gyambo. Ɗan kyanwa ko ɗan akuya ya rame, jininsa ya ƙare. Akwai kuma ƙuman kaji mai kafa baki a zanko da kewayen ido ya ƙi tashi, har ƴan tsaki su makance su mutu. Jiga ma, mai shiga ƙarƙashin farcen ƙafa ta kumbura, ƴar wannan dangi ce.

To, ina mafita? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, saboda haka a fara da tambayar wa ya kawo shi. Kyanwa ce, ko kare, ko akurkin da ke jingine da ɗakin kwana, ko ɓeran da ke rufi? A kai dabbobin gida wurin likitan dabbobi a ba su magani, dukkansu a rana ɗaya, kuma a maimaita yadda ya ce. Kada a shafa wa kyanwa maganin kare, domin sinadarin famitirin da ke cikin wasunsu kashe ta yake yi. Kada a shafa wa dabba kalanzir ko baƙin mai. Kajin da ƙuma ya kafe musu, man shafawa mai kauri a zanko yana toshe masa numfashi, a kuma kwashe tsohuwar ƙasar akurki a zuba sabuwa da toka. In ɓera ne tushen, a kashe ƙuman kafin a kashe ɓeran, in ba haka ba ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

Sannan a koma ƙasa, inda rundunar take. A fitar da kayan ɗaki, a share kowane lungu kullum, a ƙone sharar nan take, kada a tara ta a bayan ƙofa. A wanke zannuwan gado da shimfiɗar dabba da ruwa mai zafi da sabulu. A baza tabarmi, katifu da buzaye a rana tsaka, domin tsutsar ƙuma ba ta jure zafi da bushewa. Danshin damina ne ke raya ta, hunturu da bazara kuwa abokan mai gida ne. A yaɓe tsagar daɓe da gindin bango. Da dare a ajiye faranti da ruwan sabulu ƙarƙashin fitila, abin da ya faɗa ciki da safe zai nuna ko ana cin nasara. In ta kama a yi feshi, a sayi magani mai rajista a bi umarninsa, a fitar da yara da abinci, a bar ɗakin ya sha iska. Fiya-fiya da maganin gona da ƙwayar adana hatsi ba na ɗakin kwana ba ne. Sun sha kashe mutanen da suka kwanta a ɗakin da aka sa su.

Abu na ƙarshe shi ne haƙuri. Feshi ba ya ratsa gidan mai lamo, don haka bayan mako biyu sababbi za su fito, mai gida ya zaci magani bai ci ba. Ya ci, waɗanda suka rage ne ke ƙyanƙyashewa. A ci gaba da shara da shanya da maganin dabbobi har wata uku, kada a bar ko mace ɗaya ta samu jinin da za ta yi ƙwai. Sannu ba ta hana zuwa. Mai gida, tsintsiya da rana da sabulu suna hannunka, kuma riga-kafi ya fi magani. Ka duba dabbarka yau, ka ɗaga tabarmarka gobe, kada ka jira sai ɗanka ya kwana yana susa.