Ciyar da Kifin Ado a Tafkin Lambu

Kifin koi, wanda manoman shinkafa na Niigata a ƙasar Japan suka fara kiwo domin launinsa a ƙarni na 19, da kifin zinariya, wanda Sinawa ke kiwo fiye da shekara 1,000, dangin juna ne. Dukansu ba su da tumbi. Abinci yakan zarce ne cikin hanji kai tsaye. Don haka ƙa'ida ita ce a ba su kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 5.

Haka nan zafin jikinsu na bin zafin ruwa. Idan ruwa ya yi sanyi ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, narkar da abinci takan yi musu wuya, sai a dakatar da ciyarwa.

Babban haɗari kuwa shi ne ragowar abinci. Yakan ruɓe a ƙasan tafki, ya saki amoniya mai lahanta gaɓoɓin numfashin kifi, ƙwayoyin bakteriya masu ruɓar da shi kuma su shanye iskar oksijin. Duk wanda ya ga kifinsa na haki a saman ruwa da asuba, to ya rage abinci, ya sauya wani ɓangare na ruwan.