Bayanin Biskit Na Tsakin Ots Domin Masu Borin Jini

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, mai karatu ya sani abincin da ke gina jikin wani, shi ne ke rushe jikin wani. Akwai bayin Allah da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, ko ƙwai, ko madara, ko riɗi. Da sun ci sai fata ta yi rudu-rudu, wani ma maƙogwaro ya kumbura har numfashi ya tsaya, in ba a gaggauta yi masa allurar adiranalin ba. Akwai kuma cutar siliyak, wadda sinadarin gulutin na alkama da sha'ir ke lalata hanjin mai ita. Ana ƙiyasta tana kama mutum 1 cikin 100.

Wani likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da laifin alkama. A yunwar da ta auka wa ƙasarsa a 1944 zuwa 1945 burodi ya yi wuya, yara masu wannan ciwo suka sami sauƙi; da burodi ya dawo, ciwo ya dawo. Ya rubuta bincikensa a 1950.

Saboda irin waɗannan mutane masu gashi suka koma ga hatsin ƙasashen sanyi da Turawa ke kira ots, Larabawa kuma shufan, wanda mutanen Sikotilan da Ailan suka daɗe suna ci. Iri biyu ya fi yawa a kasuwa. Na ɗaya an turara shi an daddanne shi ya yi faɗi, yana nuna nan da nan. Na biyu an sare ƙwayarsa da wuƙaƙen ƙarfe gida biyu ko uku, ya fito kamar tsakin masara. Wannan yana cin minti 20 zuwa 30 a wuta. Wanda ya zuba shi ɗanye cikin kwaɓi, tsakuwa zai gasa wa mutane.

Ga yadda ake yi. A jiƙa kofi 1 na tsakin ya kwana, ko a tafasa shi minti 10, a tsane, a bari ya huce. A maimakon fulawa a sa kofi 1 na garin shinkafa. A maimakon ƙwai a dama nunanniyar ayaba 2, ita za ta riƙe kwaɓin. A maimakon man shanu da man gyaɗa a sa cokali 4 na man zaitun. A yanka dabino ƙanana domin zaƙi, a barbaɗa gishiri da kirfa. A cura ƙanana, a danne su da tafin hannu, a gasa a tanderu mai zafin digiri 180 kamar minti 15, har gefensu ya yi ja.

To, amma babban al'amari yana wajen tsarki. Ots ba shi da gulutin irin na alkama, sai dai sau da yawa gona ɗaya da injin niƙa ɗaya suke tarayya, ƙwayar alkama ta ɓuya a ciki. Don haka aka kafa ƙa'ida a Amurka a 2013: ba a rubuta wa abinci cewa ba shi da gulutin sai in abin da ke cikinsa bai kai kashi 20 cikin miliyan ba. Irin wannan za a nema. Duk da haka akwai 'yan kaɗan daga masu siliyak da ots ɗin kansa ke cutar da su. Su shawarci likita tukuna.

Haka kuma turmin da aka daka ƙuli-ƙuli, da muciyar da ta taɓa fulawa, da farantin da aka soya ƙwai, duk sai an wanke su sarai, ko a keɓe wasu. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, wanda kuwa ya miƙa wa baƙo abinci amana ya ɗauka. In an tambaye shi abin da ke ciki, ya faɗi gaskiya, kada ya ce ai ɗan kaɗan ne.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya sa albarka cikin abincinmu, amin. Tamat.