Kalmar "different": asalinta da tarkon da ke biye da ita

Da wuya ɗalibi ya rubuta insha'in Turanci shafi guda bai sa kalmar different ba. Sabon da aka yi da ita ne ma ya sa ake raina ta, alhali tana iya ci wa mutum maki a WAEC ko NECO.

Asalinta daga Latin ne, daga fi'ilin differre, wanda ya haɗa dis, wato rarrabuwa, da ferre, wato ɗauka. Kamar a ce an ɗauki abu biyu an kai kowanne gefensa. Ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 14.

Ma'anarta ta farko ita ce "daban": My bag is different from yours, jakata daban take da taka. Idan ta zo gaban jam'i kuma, sai ta koma "iri-iri" ko "daban-daban", kamar different towns. Akwai ta uku mai ɗan zolaya. Idan ka nuna wa Bature sabon ɗinkinka ya ce "It's different", kada ka yi saurin murna, wataƙila yana nufin abin ya yi masa banbaraƙwai ne, kunya ta hana shi faɗa.

Inda aka fi zamewa shi ne kalmar da ke biye da ita. Da Hausa muna cewa "ya bambanta da", kuma tun firamare an koya mana cewa "da" ita ce with. Shi ke nan sai hannu ya rubuta different with. Wannan kuskure ne, kuma mai duba takarda ba zai ɗaga ƙafa ba. A Ingila za ku ji different to, a Amurka kuma different than, to amma different from ita ce kowa ya yarda da ita. Ni dai a zauren jarrabawa ita nake riƙewa.

Sai 'yar'uwarta indifferent. Ganin in a gabanta kan sa ɗalibi ya ɗauka "iri ɗaya" take nufi. A'a, halin ko-in-kula ne: He is indifferent to football, wato ƙwallo ba ta dame shi ba. Ita kuma to take ɗauka, ba from ba.

Wajen rubutu, f biyu ne, kuma akwai e bayansu ko da baki ya haɗiye ta wajen furuci.