HIRAR MASU ITACE A GINDIN DOGON YARO A SHAGARI

Duk wanda ya taɓa bin hanyar motar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Bodinga ta nufi Tambuwal da Jega, ya san garin Shagari, mahaifar marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda ya fara da aikin malanta kafin ya zama Shugaban Ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Lalle kuwa matafiyi ya ga dammunan itace da buhunan gawayi jere a bakin hanya suna jiran mai saye. Amma ba kowa ne ya kan tsaya ya tambayi inda a ke samo su ba.

A cikin bazarar da ta wuce aikin duba ɗalibai masu koyon koyarwa ya kai ni garin. Na gama da azahar, motar da zan shiga ba ta cika ba, sai na fake a gindin wani dogon yaro inda masu itace su ke sauke kaya. Na iske mutum huɗu suna hutawa: wani tsoho mai faskare, da wani saurayi mai jakai uku, da mai ƙona gawayi, da wani dattijo wanda ya daɗe yana renon dashe a gandun daji, su kan kira shi Malam. Na yi sallama, suka matsa mini a kan wani gungume. Abin da na ji ga shi nan, domin na ga ya shafe mu duka, malamai da akawuna.

NISAN DAJI

Saurayin ne ya fara, yana kwance wa jakansa kaya. Ya ce tun da asuba ya fita, ga shi sai yanzu ya dawo, abin da ya samo kuwa duk geza ce da sabara, ba ko guda mai kaurin damtse.

Tsoho ya yi dariya, ya ce, "Samari, dauri in uwarmu ta aza tukunya ta ga icce ya kasa, aikenmu ta kan yi bayan gari, mu komo ruwa bai tafasa ba. Marke mu ke zaɓe, shi ke da garwashi. Wa zai kula da geza?"

Saurayi ya ce, "To, Baba, ina marken ya tafi?"

Tsoho ya ɗaga gatarinsa, ya ce, "Tambayi wanga."

Aka yi dariya, amma ba mai daɗi ba ce. Daga nan magana ta koma kan gida. Saurayi ya ce ranar da itace ya yi tsada, matarsa kara ta ke hurawa, in kara ya ƙare ta koma ga busasshen kashin shanu, har tumfafiya ma ba a bari ba, ga hayaƙi mai sa hawaye da tari. Tsoho ya ce tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kome ya hau, har ma'aikatan birni waɗanda su ka saba da gas sun komo suna taya shi dami.

A nan Malam ya sa baki. Ya ce karan da aka ƙona da kashin shanun da aka hura, abincin gona ne aka kai murhu. Gonar da aka kwashe wa kara ta zauna tsirara duk rani. In iskar farkon damina ta taso, sai ta kwashi rairayi ta binne shuka, manomi ya sake shuka sau biyu ko sau uku. Watau ƙarancin itace ba a madafa kaɗai ya ke tsayawa ba, har rumbu ya kan bi mutum.

LAIFIN WA?

Tsoho ya juya ga mai gawayi, ya ce, "Ku ne ku ka gama da ƙirya. Mu reshe mu ke sara, ku kuwa har saiwa."

Mai gawayi bai yi musu ba. Ya ce, "Baba, 'ya'yana shida. In na bar wannan, ka nuna mini abin da zan kama."

Ba wanda ya amsa masa. Gaskiya ne, a ramin gawayi irin namu sai an ƙona itace kilo 5 zuwa 10 kafin a sami gawayi kilo 1, kuma itatuwa masu tauri a ke nema, irin su ƙirya da marke, waɗanda su kan yi shekaru masu yawa kafin su isa sara. Da maƙera ne kaɗai ke bukatar gawayin ƙirya, yanzu kuwa ko wane mai shayi da mai tsire da mai guga yana so. Amma wanda ya ke ƙonawa a daji da wanda ya ke saye a birni, igiya ɗaya su ke ja, ba a zagi ɗaya a bar ɗaya ba.

Tsoron ƙarewar daji ba yau aka fara shi ba. A 1935 wani Baturen daji mai suna Stebbing ya yi shelar cewa hamadar Sahara tana gangarowa kudu za ta cinye Arewacin Nijeriya. Saboda haka Ingila da Faransa su ka haɗa ma'aikatansu na daji, su ka bi iyakar ƙasashen nan biyu a 1936 da 1937. Abin da su ka gano shi ne, ba hamada ce ke tafiya da ƙafarta ba, ɓarnar da a ke gani yawancinta ta hannun mutum ce: sassabe, da gobarar daji, da kiwo. A zamanin En'e an keɓe gandayen daji, an sa dogarawan daji, an yanka tara ga mai sara ba da izini ba. Duk da haka farin 1973 da na 1984 su ka zo su ka kashe itatuwa ba iyaka, mutane kuma su ka ƙaru.

DASHE DA RENO

Na tambayi Malam, na ce ai ko wace shekara mu kan ji an raba dashe dubbai. Ya nuna itacen da mu ke zaune a gindinsa, ya ce wannan ma baƙo ne. Asalinsa daga Indiya, an fara kafa shi a Lardin Barno a 1928, sa'an nan ya bazu har Sakkwato, ya ba mu inuwa da sandunan rufi da itacen girki, in an sare shi kuma ya sake tofowa. Ya ce dashe ba abin rainawa ba ne. Ko shirin nan na Babbar Katangar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 daga Senegal zuwa Jibuti, Sakkwato tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da ya ratsa.

Ya ce, "Amma ni na raini dashe da hannuna, na san inda ya ke mutuwa. A dasa a Agusta, a ɗauki hoto, a watse. Ruwa ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Daga nan sai wata bakwai ko takwas na rani, ga akuya, ga gara, ba mai ban ruwa, ba shinge. An ƙidaya abin da aka dasa, ba a koma an ƙidaya abin da ya rayu ba."

ABIN DA AKA YI A MARADI

Malam ya ce shi abin da ya fi ba shi sha'awa, a ƙetaren iyaka ya gan shi. A 1983 wani ma'aikacin gona mutumin Ostireliya, mai suna Tony Rinaudo, wanda dashensa ya yi ta mutuwa a ƙasar Maradi, ya lura da cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa ko wace bazara ba ciyawa ba ne. Tofon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta da wuya. Manomi ya zaɓi kututture, ya bar rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran, ya riƙa datse na gefe ko wace shekara. Da ya ke saiwar ta riga ta yi zurfi, ba ta bukatar ban ruwa, girmanta kuwa ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba. Abin da aka datse shi ne itacen girkin gida. Can suna kiransa sassabin zamani.

Da fari an yi wa masu yi dariya, an ce ƙazaman manoma ne. Amma bayan kamar shekara 20, binciken da aka yi ya nuna gonaki wajen hekta miliyan 5 a ƙasashen Maradi da Damagaram sun farfaɗo, da itatuwa kimanin miliyan 200. Da yawansu gawo ne, wanda ya kan zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya yi ganye da rani, ya ba dabbobi 'ya'ya, ya ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Saurayi ya ce, "Malam, in na raini icce a gonarmu ya girma, ran da na ɗora masa gatari ba za a ce na taɓa kayan hukuma ba?"

Malam ya ce tambayar ke nan. A Nijar ma abin bai yi ƙarfi ba sai da manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 su ka ƙarfafa masa gwiwa. Ba mai renon abin da zai jawo masa tara.

SAURAN AIKI NAMU

To, jama'a, ba za a daina dafa tuwo ba, ba kuwa za a daina sarar itace ba. Abin da ya rage shi ne yadda za a sara a bar saiwa da rai.

Ku malaman makaranta, kafin sassaben bana ku fita da yara gonar makaranta, su nemo kututturan kalgo da sabara da magarya da gawo, ko wane aji ya ɗauki nasa ya rena. Su san amfanin ko wane: bagaruwa ta majema, aduwa da tsamiya na kasuwa. In kun yi dashe, ku rubuta adadin a littafi, ku sake ƙidayawa a watan Mayu, lissafin Mayu shi ne na gaskiya. Ku kuma ma'aikatan ƙananan hukumomi, ku taimaka a fayyace wa manomi, a gaban hakimi da mai unguwa, abin da ya ke da iko da shi a kan itacen gonarsa, don ya daina ganin ma'aikacin daji kamar mai kama ɓarawo. Mai gawayi kuwa a nuna masa inda zai sara da lokacin da zai bar wurin ya huta, gama hani kaɗai ba ya ciyar da 'ya'ya shida.

Da yaron mota ya kira ni, na bar saurayi yana cewa akwai kalgo huɗu a gonar mahaifinsa, bana ba zai sassabe su ba. Tsoho ya ce, "In awakin maƙwabta sun yarda." Malam ya ce ƙaya ba ta ƙare a daji ba tukuna, ya yi musu shinge.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.