Motsa Jiki Ga Mai 'Yar Tangarɗa a Bugun Zuciya



Maganarmu ta yau a kan bawan Allah ce wanda likita ya manna wa wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'ura ta zana bugun zuciyarsa a kan takarda, sa'an nan aka shaida masa cewa zanen ya ɗan kauce wa ƙa'ida, ko da yake bai kai matsayin cuta ba. Sau da yawa irin wannan mutum yakan koma gida cikin wasiwasi, har ya haramta wa kansa tattaki zuwa kasuwa, alhali kuwa zuciya tsoka ce, kuma yawan zama raunana ta yake yi.

Idan kai ne wannan mutum, abin da ya wajaba tun farko shi ne likita ya tantance nau'in tangarɗar, domin ba duka hukuncinsu ɗaya ba; yana iya rataya maka ƙaramar na'ura ta sa'o'i 24, ko ya auna ka kana tafiya a kan injin gwaji, kai kuma ka bayyana masa ko akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya a danginku, da dukkan magungunan da kake sha, musamman kwinin da kulorokwin, waɗanda sukan taɓa tsarin bugun zuciya.

Idan ya yi maka izini, sai ka fara da sannu, kana ƙarawa mako bayan mako, har ka kai minti 150 a mako na matsakaicin motsi, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi nasiha, mizaninka kuwa shi ne ka iya zance da abokin tafiya ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Ka zaɓi sanyin bayan Asuba, a watan azumi kuma bayan buɗa-baki. Ka sha ruwa, ka rage goro da lemukan ƙara kuzari, ka huta ranar da kake zazzaɓi.

Amma da zarar ka ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko zuciya tana dukan uku-uku, balle suma, to ka dakata nan take, ka nemi asibiti, domin lafiya amana ce, kuma riƙo da sababi ba ya warware tawakkali.

Allah Ya ƙara mana lafiya.